Kundin tafiyar Maroko a motar haya: daga Samaru zuwa Fas

Asabar, 11 ga Janairu 2025, Samaru

Magana ta tsaya: Maroko za mu, kuma da hannunmu za mu tuƙa kanmu. Mu uku ne, kowa da abin da ke cinsa. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu da ke zaune cikin birni, so yake ya ziyarci Shehu Tijjani a Fas tun ƙafa ba ta ƙi shi ba. Auta ya zuba ɗan abin da ya mallaka a gonar inabi a yankin Hunkuyi, yana son ganin yadda waɗanda suka gaji sana'ar suke yi. Ni kuwa sitiyari da lissafi aka ɗora mini, shi ya sa na buɗe wannan kundi, kada abin ya ƙare a hirar ƙofar masallaci.

Da fari Auta Afirka ta Kudu ya so. Na ce masa can ta hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma dama, ba zan je koyon sabon hannu a kan tsauni da tsoho a mota ba. Maroko ta dama suke bi, mazhabarsu Malikiyya, karatunsu Warshu, kuma ƙasa ɗaya ta haɗa hamada da tsauni da gonakin inabi.

Hanyar da na zana zagaye ce. Mu sauka Kasabalanka, mu yi kudu zuwa Marrakesh, wajen kilomita 240. Mu haye tsaunukan Atlas zuwa Warzazat, kusan 200. Mu miƙa gabas zuwa Marzuga a bakin rairayi, wajen 370. Daga nan mu juyo arewa ta kwarin Ziz da Midalt da Azru mu faɗa Meknas, sannan Fas. Da na kai wa Kawu takardar sai ya ɗaga ta nesa da ido ya ce, “Wato kai ɗan nan, sai ka zagaya da ni ƙasar kaf kafin in ga Shehu?” Na ce, “Allah ya gafarta Kawu, fataken da suka riƙa ƙetare Sahara daga ƙasashenmu ta Sijilmasa suke ɓullowa kafin su hau Fas. Ta ƙofarsu za mu shiga.” Ya yi shiru, can ya ce to, amma lallai Juma'a ta same shi a zawiya.

Asabar, 25 ga Janairu

Rigimar yau ta lokaci ce. Auta yana son watan Agusta ko Satumba don ya ga ana tsinkar inabi. Amma a lokacin zafin Marzuga ya wuce digiri 40, kuma shi kansa ba zai iya barin gona a tsakiyar damina ba. Yanzu kuma sanyi ne, ƙanƙara kan rufe mashigar tsaunin a wasu ranaku. Maris azumi ne. Abin da ya rage shi ne Afrilu, bayan ƙaramar salla. Ba zai ga 'ya'ya ba, sai toho da rumfa da tsarin ban ruwa, kuma a ganina su ne suka fi amfani ga mai koyo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na shafe makon nan ina karanta sharuɗɗan kamfanonin haya. A nan Zariya in ka ce hayar mota, shata ake nufi: mota da direbanta daga tashar Kwangila, ku yi ciniki, ya kai ka ya dawo da kai. Can makulli za a miƙa maka ka tafi, abin da ke tsaye a madadin direba kuwa shi ne katin bankinka. Kamfani zai riƙe wasu kuɗi masu kauri a katin a matsayin jingina, ba zai sake su ba sai ka mayar da mota lafiya. Katin kuma dole ya zama da sunan wanda zai tuƙa. A farkon 2025 ɗin nan katin naira ba ya wannan aiki a waje, don haka na farfaɗo da asusun dala da na yi watsi da shi. Dala tana sama da naira 1,500, dirhami kuma kusan 10 ne a dala ɗaya. Duk lissafin da na buga sai Auta ya dafe kai.

Inda ya kamata mutum ya buɗe ido shi ne inshora. Wadda ke zuwa da farashin farko yawanci ba ta ɗauki taya da gilashi da ƙarƙashin mota ba, kuma in ka sauka daga kwalta ka shiga burji ko rairayi, duk abin da ya faru naka ne. Na zaɓi wadda ta fi faɗi ko da ta ƙara tsada. Na kuma tabbatar babu iyakar kilomita, kuma mai cike za a ba mu, cike za mu mayar. Mota mai giyar hannu ta fi araha, ita na saba da ita ma. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa yana hanya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Gwajin tuƙin hawa da gangara. A Zariya ba mu da tsaunin da mota ke hawa, Kufena ta masu ƙafa ce. Sai ni da Auta muka bi ta Pambeguwa da Saminaka muka hau Jos, wadda ke wajen mita 1,200 sama da teku, muka juyo. Abin da nake so hannuna ya riƙe shi ne sauka da giya, lamba biyu ko uku, inji ya riƙe mota, ƙafa ta bar birki ya huta. Wanda ya dogara da birki kaɗai a doguwar gangara zai ji warin ƙauri, daga nan sai ya taka ya ji ba komai. Mashigar da za mu haye a can ta kusa ninka tsayin Jos sau biyu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Labarin da ya shigo jiya: Sarki Muhammad na Shida ya roƙi 'yan ƙasarsa su haƙura da layya bana. Fari ya daɗe musu shekaru a jere, dabbobi sun ragu da kashi 38 cikin ɗari in aka kwatanta da 2016. Kawu ya yi ta salati. Auta kuwa tambaya ɗaya ya yi wadda na ga ta dace ta zama jagorar tafiyar: ƙasar da ta rasa ciyawar tumaki, da wane ruwa take shayar da inabi da dabino?

Asabar, 15 ga Maris

Biza ta fito, tikiti ya kammala. Mun sha ruwa a zauren Kawu, a nan ne ya tayar da maganar da na san tana tafe. Wani a zawiya ya gaya masa inabin Meknas na barasa ne.

“Auta, gidan matsar barasa za ka kai ni?”

“A'a Kawu, gona zan gani. Itacen ɗaya ne, ruwan da yake sha ɗaya ne.”

Kawu ya tuna mana hadisin da ya la'anci mutum goma a kan barasa, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta. Ya ƙara da cewa malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda ka san matsa shi zai yi. Kallon shuka dai bai ga laifinsa ba. Sharaɗin da aka tsayar: za mu tsaya bakin gonaki, za mu nemi manomin inabin ci, ba za mu shiga inda ake matsa ba, ba za mu zauna inda ake sha ba. Ni ma hakan ya kwanta mini.

Uwargida ta fara daka mana yaji.

Laraba, 9 ga Afrilu, Marrakesh

Jiya muka karɓi mota a filin jirgi, Dacia mai shan gas, irin wadda ake haɗawa a ƙasar. Kafin in sa hannu na zagaye ta da waya ina ɗaukar bidiyo, kowane ƙarzani, kowane gefen taya, na buɗe but na duba safaya da jak. Ma'aikacin yana ta kallon agogo, ban kula shi ba. Agogonsu da namu ɗaya ne a yanzu, sai da azumi suke ja da baya da awa guda.

Babbar hanya ta kuɗi ce, santsi kamar me, gudu bai wuce 120 ba. Wajen gari 100, cikin gari 60. Jandarmomi suna laɓe da na'urar auna gudu a mashigar kusan kowane gari, kuma a shingensu akwai allon da ke cewa ka tsaya cak sai an yafito ka. Mun ga waɗanda aka tsayar suna biyan tara ana ba su rasit. Auta ya so mu ratse Khuribga ya ga inda ake haƙo fosfat ɗin da ke cikin takin da ake kawo mana tun bayan zuwan Sarkinsu Abuja a Disamban 2016, amma ba a kan hanyarmu take ba.

A Marrakesh na ajiye mota a wajen ganuwa, don lungunan ciki na masu babur ne da keken jaki. Mun shiga kangon fadar Badi da Sarki Ahmad al-Mansur ya gina. Daga wannan gari rundunarsa ta tashi ta ƙetare Sahara ta karya Songhai a Tondibi a 1591, nan kuma aka kawo Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu a tsare. Fadar yanzu bango ne tsirara da shamuwa ke sheƙa a kai, domin wani sarkin daga baya, Maulaya Isma'il, ya kwashe kayan adonta ya kai Meknas.

Alhamis, 10 ga Afrilu, Ait Bin Haddu

Yau muka haye Tizi n'Tishka, allon da ke saman ya ce mita 2,260. A taswira tafiyar ba ta da yawa, a ƙasa kuwa ta cinye mana tun hantsi har la'asar. An faɗaɗa titin, an yanke wasu kwanoni, amma har yanzu kwana ce bayan kwana, ga manyan motoci suna rarrafe, ga masu jigilar 'yan yawon buɗe ido da ba su san haƙuri ba. Na bar su suna wucewa. Kunnuwanmu suka toshe, Kawu ya naɗe rawani har baki yana jan carbi bai ce uffan ba. A dama can nesa kan duwatsu fari fat da ƙanƙara. Tubkal yana cikin wannan jerin, mita 4,167, babu wanda ya fi shi tsayi a Afirka ta Arewa.

Akwai wata mashigar ta yamma, Tizi n'Test, da aka ce ta fi ban sha'awa. Na cire ta tun a gida, domin yankinta ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta fi ɗaiɗaitawa, inda mutum kusan 3,000 suka rasu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bambancin fuskokin tsaunin biyu. Ta arewa kore ne, alkama da zaitun da gyaɗar turawa. Kana gangarawa kudu sai ja da ruwan ƙasa, ba kore sai siririn zare a bakin rafi. Gajimaren da ke tasowa daga teku a fuskar arewa yake sauke kayansa. Abin da ke isa kudu shi ne ƙanƙarar da ta narke ta gangaro. Rabin amsar tambayar Auta ke nan.

Ait Bin Haddu gari ne na ƙasa a jikin tudu, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987. Kawu ya shafa bangon ya ce da Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya, ya zo nan da ya gane 'yan uwansa: ƙasa da ciyawa, azara a rufi, zanko a kusurwa. Sai dai nasu suna zuba ƙasar cikin katako su daddale ta, ba tubali suke curawa ba. Gidaje kaɗan ne ke da mutane a ciki yanzu, sauran shagunan tsaraba ne.

Juma'a, 11 ga Afrilu, Tingir

Mun hango filin madubin wutar rana na Noor a gefen Warzazat, wanda ke iya ba da wajen megawat 580. Auta ya ce a ɗauko mana kwata mu kai Samaru. Mun wuce Kal'at Mguna, garin furen wardi, mun yi Juma'a a hanya, aka ciyar da mu kuskus. Larabcin Kawu na littafi yana sa su murmushi, amma suna ganewa. Da yawansu ma a nan Amazigh ne, harshensu ya shiga tsarin mulki a 2011, shi ya sa allunan ofisoshi ke da rubutu iri uku. Da yamma muka shiga matsatsin Tudgha, duwatsu biyu tsaye, rafi mai sanyi a tsakani.

Lahadi, 13 ga Afrilu, Marzuga

Tsakanin Tinjdad da Arfud muka ga wasu tarin ƙasa a jere, layi-layi, sun miƙe cikin fili har ido ya gaza. Auta ya ce in tsaya. Bakunan rijiyoyi ne, kuma a ƙarƙashinsu akwai rami ɗaya da ya haɗa su. Ana fara haƙa shi daga gindin tudu inda ruwa ke kusa, a bi da shi da ɗan gangare kaɗan har ya ɓullo a gonar dabino, ruwa na tafiya da kansa ba inji ba guga. Rijiyoyin na fitar da ƙasa ne da shigar iska da yasa. Khattara suke ce masa. Wani dattijo ya saukar da mu cikin wata da ta ƙafe, sanyi a ciki, mutum na tafiya a tsaye. Da yawansu sun mutu tun da aka fara kafa injinan ban ruwa, kowa ya zurfafa tasa rijiyar, ruwan ƙasa ya ja da baya ya bar ramin a sama. Shi kuma kogin Ziz an datse shi da madatsar Hassan Addakhil a 1971, bayan ambaliyar 1965, ruwa sai an sako.

Auta ya daɗe a ramin nan. Da muka fito ya ce, “Yaya, ka san yawan burtsatsen da aka haƙa a gefen gonata cikin 'yan shekarun nan?” Ban sani ba, shi ma bai ƙirga ba, amma ya ce tasa ta fara jan iska a ƙarshen rani.

Yau kasuwar Risani ke ci, kamar Talata da Alhamis. Dabino iri-iri, majhul ya fi tsada, ga filin da ake ɗaure jakai. Yanzu ne lokacin barbarar dabino, mun ga masu hawa da reshen furen namiji suna ɗaurawa a jikin na mace. Sijilmasa kuwa, wadda aka kafa a 757, wadda Ibn Battuta ya tashi daga cikinta a 1352 zuwa Mali, ba abin da ya rage sai guntayen bango da ƙura a bayan gari. Na so a ce an fi kula da ita. Kawu ya yi wa fatake addu'a, muka leƙa hubbaren Maulaya Ali Sharif, kakan gidan sarautar da ke mulki yanzu.

Kwalta ta kai har Marzuga, a nan na tsayar da mota, ban bar tayarta ta taɓa rairayi ba. Tuddan Irg Shabbi wasu sun kai mita 150. Auta ya hau raƙumi tare da Turawa, Kawu ya ce shi Bahaushe ba zai biya kuɗi a ɗora shi a raƙumi ba. Masu masauki suna ta ba mu labarin ruwan Satumban bara da ya yi tafkuna a tsakanin tuddan. Mun kuma je Khamliya, ƙauyen baƙaƙe masu kiɗan Gnawa, jikokin waɗanda aka ƙetaro da su daga ƙasashenmu a matsayin bayi. Ayarin da muke yabo da kawo littafi da gishiri, shi ne ya tafi da waɗannan. Masu jagora suna gaggawar wuce wannan ɓangare, mu ma a gida haka muke yi.

Litinin, 14 ga Afrilu, Midalt

Kwarin Ziz daga sama: kogin dabino kore shar tsakanin duwatsu jajaye. Na raba tafiyar nan biyu saboda Kawu, duk da cewa masu gaggawa kan yi Marzuga zuwa Fas a yini ɗaya. Midalt garin tuffa ne, sanyi ya sa mun kwana da rigunan sanyi.

Laraba, 16 ga Afrilu, Meknas

Jiya dajin al'ul na Azru da birransa, sai Ifran mai rufin jan tayil, inda a 1935 aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri. Daga Al-Hajib ƙasa ta buɗe, fili ya miƙe har Meknas, kuma saboda ruwan da suka samu a Maris komai kore ne.

Nan ne ƙasar inabin. Tun zamanin Rumawa ake noma shi da zaitun a yankin, kangon birninsu Walili yana nan kusa. Faransawa ne suka mayar da shi babbar sana'ar barasa tsakanin 1912 da 1956. Bayan 'yanci Turai ta rage saye, aka tumɓuke gonaki da yawa, daga baya wasu suka farfaɗo. Dokar ƙasar ta 1967 ta hana sayar wa Musulmi barasa, amma mafi yawan abin da ake matsawa a cikin gida ake shanye shi. Kawu ya ce Allah ya kyauta, ya juya fuska daga allunan da ke bakin titi.

Mai masaukinmu ya haɗa mu da wani manomin inabin ci da zaitun, muka yini a gonarsa. Ni ke tafinta da guntun Faransanci, Kawu na cike da Larabci. Auta ya cika littafinsa. Inabin barasa a gajerun layuka yake a kan waya, 'ya'yansa ƙanana, kuma da gangan ake rage masa ruwa. Na ci kuwa a kan rumfa, wani a ƙarƙashin raga saboda ƙanƙarar sama da tsuntsaye. Kowane itace mai aure ne: saiwar wani iri na Amurka, kan wani iri dabam. Wannan ya samo asali ne daga wani ƙwaro mai cin saiwa da ya halaka gonakin Turai a ƙarni na 19.

Babban bambancinmu da su yana ga lokacin ruwa. Su da sanyi ake yi musu ruwa, lokacin da itacen ya zubar da ganye yana barci, sai 'ya'ya su nuna cikin zafi da bushewa. Mu ruwanmu da zafi yake zuwa, ya ninka nasu, itacen ba ya barci, fumfuna kuma tana cin ganye da damina. Shi ya sa manomin Hunkuyi ke yi wa itacensa aski da lissafi, ya kaikaici hunturu don 'ya'ya su nuna ba ruwa a sama. Da Auta ya bayyana masa haka sai mutumin ya riƙe baki, ya ce bai taɓa jin ana noman inabi a Najeriya ba.

Ban ruwansa duk na ɗigo-ɗigo ne: baƙar tiyo a gindin kowane layi, matata a bakin tanki, taki a narke cikin ruwan. Ya ce ba don gayu ba ne, rijiyarsa ce ke ƙara zurfi kowace shekara, kuma ruwan da ke ƙarƙashin filin nan daga tsaunin da muka sauko jiya yake tsatsowa. Ɗayan rabin amsar ke nan. Tsaunukan Atlas ne ke shayar da dabinon kudu da inabin arewa, kuma ɓangarorin biyu suna ɗiba fiye da abin da suke zubowa.

Juma'a, 18 ga Afrilu, Fas

Mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. Na ajiye ta a bakin ƙofa muka bi lungu da ƙafa, alfadarai na ture mu. Mun wuce Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859, muka leƙa majemar da ke rina fata a ramuka. Jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ta daɗe tana bi ta ƙasar nan zuwa Turai, can a kira ta fatar Maroko.

Shehu Ahmad Tijjani a Ain Madi ta Aljeriya aka haife shi a 1737, a nan ya rasu a 1815, kabarinsa na cikin zawiyar. Bayan la'asar wuri ya cika, 'yan Senegal sun fi yawa cikin baƙi, muka ji Hausa a bakin wasu daga Kano da Nijar. Kawu ya zauna zikiri har magariba. Da ya fito ya kama hannuna ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan.” Bai sake maganar zagaye ba.

Asabar, 3 ga Mayu, Samaru

Mun dawo lafiya. Wajen mayar da mota wani ma'aikaci ya nuna wani ƙarzani a ƙofar baya, na buɗe masa bidiyon ranar farko, magana ta mutu. Kuɗin jingina sun dawo cikin asusu a makon nan.

Abokan Kawu na zawiya sun ji labari, wasu na son a zana musu hanyar. Abin da zan canza musu: mota mai kujeru bakwai, direbobi biyu a rubuce cikin takardar haya, domin wanda ba a rubuta ba inshora ba ta san da shi ba. Dattawa kuma su ƙara kwana a Warzazat bayan hawan tsauni. Wanda Fas kaɗai yake so, jirgin ƙasa daga Kasabalanka ya ishe shi, hayar mota asara ce gare shi.

Asabar, 24 ga Mayu, Hunkuyi

Ruwa ya fara sauka, don haka gwajin ɗigo-ɗigo sai kaka. Auta ya ware layi biyu a gefen gabas na gonar, ya ɗora tanki a kan dirkoki, ya aika Kano a tambayo farashin tiyo da matata. Ya kuma yi magana da wani malami a cibiyar binciken noma ta Samaru kan irin saiwar da za ta dace da ƙasarmu, an ce ya kawo samfurin ƙasa. Ni aikina shi ne igiya mai alama da littafi: za mu riƙa auna zurfin ruwan tsohuwar rijiyar gonar a farkon kowane wata. Maƙwabtansa biyu sun yarda a auna nasu, na ukun ya ce sai ya yi shawara da yayansa.